Ƙasar Bayan Ɗakin 'Yardada

"A hankali, Nazeer! A hankali, akwai mutum a ƙasa!"

Nazeer bai ma ji mai maganar ba. Hannunsa a kan sandar injin, ruwa na ɗiga daga hularsa, ya sunkuyar da bokitin gaban tarakta ya kwaso jar ƙasa, ya juya ya zubar, ya sake komawa. Inda ɗakin 'Yardada mai koko yake jiya, yanzu tudu ne. Wani ɓangare na tsohuwar ganuwa da ke bayan gidanta, nan cikin Ƙofar Dawanau, ya zaftaro bayan sallar asuba ya danne ɗakin da mai ɗakin.

Maza na tono da hannu, mata na salati daga bakin ƙofofi. Da bokitin ya ɗaga wata azara sai gefen zani ya bayyana. Nazeer ya kashe injin. Malam Inuwa, dattijon da ke kula da maƙabartar unguwa tun da ya ajiye tuƙin tifa, shi ya fara durƙusawa. Ya share mata ƙasar fuska da gefen rigarsa, ya ɗora yatsu a wuyanta, ya daɗe a haka. Sannan ya ja mayafi ya rufe ta.

Jikarta Rukayya, wadda fita tarar ruwan indararo ta tserar, ta yanke jiki ta faɗi.

Ba a kai ga ɗauke gawar ba wani ya ɗaga murya. "Jama'a, ku dubi nan!"

Ragowar ganuwar yake nunawa. An ƙwaƙule mata gindi, ga shatin haƙora a jere a jikin ƙasar. Kowa ya waiwaya ya dubi bayan taraktar, inda hannun haƙa yake a lanƙwashe, hannun da ya sa unguwa ta raɗa mata suna Kunama. Haƙoran bokitinsa da shatin nan kamar an buga hatimi.

"Ashe ba ruwa ne ya kashe ta ba!"

"Wa ke tuƙa Kunama in ba shi ba?"

"A kawo fetur!"

Da ƙyar Mai unguwa ya fizge Nazeer daga hannun samari, rigarsa a yage, ya tura shi zaurensa ya sa sakata. Mahaifin Nazeer, Alhaji Mailafiya, mai taraktar, yana tsaye cikin taɓo yana kallo ana jan ɗansa.

Mai unguwa ya fito yana haki. "Na yi waya da hukuma. Sun ce a yi wa baiwar Allah sutura, kafin magariba in miƙa musu wanda ake zargi. Wanda ya taɓa motar nan kafin lokacin, da shi zan haɗa. Kai, je ka Jakara ka kira min Muttaka."

*

Malam Muttaka ya yi shekarunsa na ƙarfi yana bin sawun shanun sata a dazukan kudancin Kano. Da gwiwa ta gaza ya dawo birni ya kama rumfar igiya da tabarmi a Jakara, gidansa kuma lungu biyu ne da na 'Yardada. Kokonta ya sha jiya da safe.

Ya sa aka kori kowa baya. Tsakanin ɗakin da ganuwa akwai wani ɗan kango, hanyarsa ɗaya, siririn lungu da ya ɓulle ta bayan garejin Alhaji. Tifa ba ta shiga, balle katafila. Kunama kaɗai.

Ya tsuguna gaban ramin. Daga sama shatin haƙora ne, amma a karkace, wani ya nutse wani ya shafa kawai. Daga ƙasa kuwa, can ciki inda ramin ya fi zurfi, babu haƙori ko ɗaya. Bakin cebur ne, mai faɗi da tsukakke, har da na magirbi. Ya daɗe yana shafa wurin.

Ya ja baya yana lissafin inda motar za ta tsaya. In za ta yi haƙa, takan sauke ƙafafun ƙarfe biyu ta tokare ƙasa. Ya sa sandarsa yana caka taɓo har ya ji ta daki wani abu. Itatuwa ne, an jera su gefe da gefe don kada ƙafar ta nutse, nauyi ya danna su cikin ƙasa. Ya zaro ɗaya ya wanke a ruwan kwata. Ɗanyen darbejiya, kaurin damtse, bai kai kamu biyu ba, an sare bakinsa biyu tsaf. Sauran ma duk tsawonsu ɗaya.

"Ka ga wani abu?" in ji Mai unguwa.

"Na ga itace." Ya saƙale shi a hammata.

*

Nazeer na zaune a ƙasan zaure, leɓensa a fashe.

"Baba Muttaka, wallahi tallahi ban taɓa shigar da ita kangon nan ba. Ni da na san ganuwa jiƙaƙƙiya ce? Ko rijiyar masai zan haƙa sai na bar taku uku daga katanga."

"In za ka tokare ta a taɓo, me kake sawa a ƙasa?"

"Falankin ƙarfe. Suna nan biyu a bayan kujera, tare da ita Alhaji ya sayo su."

"Yaushe rabonka da tayar da ita, ban da yau?"

"Tun kafin ɗaurin auren Bichi. Ranar da duk mazan unguwa suka tafi ni ina kwance, zazzaɓi ya kayar da ni. Da na warke na ga gas ya ragu, na faɗa wa Alhaji, ya ce in bar maganar."

"Ya ce ka bar maganar?"

Nazeer ya sunkuyar da kai. "Haka ya ce."

"Mukulli nawa ne?"

"Biyu. Ɗaya a wurina, ɗaya a wurinsa." Ya ɗago, idonsa ya kawo ruwa. "Da hannuna na ɗaga ƙasar da ke kanta, Baba. Yanzu a ce ni na zuba mata?"

*

Sabo magini yana kwaɓa ƙasa a ƙofar gidansa. Da ya hango Muttaka sai ya ja buhu ya rufe tulin.

"Rufe ta da kyau, kada ta yi mura," in ji Muttaka.

"Haba Malam, ƙasar aiki ce."

"Ja ce kuwa, har da ɓaraguzan tsohuwar tukunya a ciki. A ina ake sayar da irinta yanzu?"

Sabo ya share gumi, ga shi gari da sanyi. "Ni fa ban san ko ina ake sa mukullin motar nan ba. Keke ma da ƙyar."

"Ban ce ka tuƙa ba. Me magina ke yi da wannan?" Ya miƙa masa itacen.

Sabo ya jujjuya shi, ya saki numfashi ganin an canja magana. "Wannan? Ba ya rufa ko akurki. Kuma ba na girki ba ne, wa zai ɓata lokaci yana daidaita itacen wuta? In dai mai neman a kori tsohuwa kake nema, je ka wurin Umair. Ya yi sawun gidanta ya fi a ƙirga."

Umair dillalin filaye ne, shagonsa na bakin titi. Tun kafin Muttaka ya gama tambayarsa inda yake ranar ɗaurin auren Bichi ya zaro waya ya nuna hoto.

"Ga ni nan a Bichi, ga babbar rigata, ga ni bayan liman. Tun safe har la'asar. E, na so ta sayar, mai kuɗi ya nuna sha'awa, laifi ne? Kullum sai ta ce min, Umairu, sha koko ka tafi, a ɗakin nan aka kawo ni, daga nan za a fitar da ni." Ya mayar da wayar aljihu.

Muttaka na kallon dakalin ƙofar shagon. An cike gefensa da sabuwar ƙasa, ja. Umair ya matsa ya tsaya a kai.

A hanyarsa ta komawa ya daina kallon ƙasa, ya koma kallon katangu. Nan an toshe tsaga, can an ɗaga dokin ƙofa, gaba an yaɓe gindin soro. Faci ja-ja a jikin tsohon yaɓe, gida bayan gida. Masu gidajen kuwa su ne ɗazu suka fi kowa kiran fetur.

*

An tattara mata a gidan maƙwabta, inda aka kai gawar don wanka. Rukayya ta fito soro, idanunta sun kumbura.

"Ya haƙuri, 'yata?"

"Da godiya, Baba. Na yi ta kiran Kawu soja, wayarsa ba ta shiga. Shekara nawa bai zo ba, ga shi za a binne ta bai sani ba."

"Allah ya sa ya ji. Ranar ɗaurin auren Bichi, kin ji ƙarar mota a bayanku?"

"Na ji, tun hantsi. Har ƙasa na zubowa daga rufi, na ce Kaka, ɗakin nan fa girgiza yake. Ta ce in yi shiru, aikin Allah ake yi."

"Ta san da aikin ke nan."

"Ta sani mana. Ita da kanta ta dama koko ta zagaya ta kai. Na ce in kai, ta hana."

"Ba ki ga mutumin ba?"

"Ban gan shi ba. Amma ba Yaya Nazeer ba ne. Na faɗa musu da safe, ba wanda ya saurare ni. Kaka ta san bakin kowa a unguwar nan. Shi sai an zuba masa sukari har cokali ya tsaya, tana ce masa ƙudan zuma. Wannan kuwa na ɗauko gwangwanin ta ce in mayar, mai shan ba ya shan sukari, likita ya hana shi."

Muttaka ya gyara riƙon itacensa. Kowa a unguwa ya san wanda ke yawo da ƙwayar ciwon sukari a aljihun gaba. Kuma mukulli na biyu a wurinsa yake.

*

Alhaji Mailafiya yana zaune a garejinsa a kan tsohuwar taya, yana kallon wurin da Kunama ke kwana.

"Rumfata ta hatsi na sayar na saye ta," ya ce, ba tare da an tambaye shi ba. "Aka yi ta dariya, wai Mailafiya ya sayi motar noma ba shi da gona. Na ce ku ba ku san birni ba. Lungunanmu ba babbar motar da ke shiga. Ta yashe kwata, ta haƙa tushen gini, ta kwashe bola. Damina biyu ruwa bai shiga masallaci ba. Sai kowa ya zama ɗan'uwana. Alhaji a taimaka, Alhaji minti kaɗan. Tiyo ya fashe ni ne, taya ta tsage ni ne, in je Ƙofar Ruwa in yini ina neman ƙarfe ɗaya. Ban taɓa jin haushi ba, Muttaka. Ina ganin hanyar aljannata na sayo."

"Ina mukullinka, Alhaji?"

Alhaji ya ci gaba da kallon wurin motar.

"Ɗanka na zaure, leɓensa a fashe. Magariba ba ta da nisa."

"Na sani."

"Kai ka tuƙa ta?"

"Ni ko kujerarta ban taɓa hawa ba."

"To wa ka ba?"

Alhaji ya rufe fuska da tafukansa. "Akwai abin da mutum ke yi tsakaninsa da Ubangijinsa. In ya faɗa ya zubar. Kuma in na faɗa, na jefa wanda ya fi ni a wuta. Ka bar ni zuwa bayan jana'iza, don Allah."

Muttaka ya fita ransa a ɓace. Ya biya gida don ya yi alwala. Yana tsugune da buta a tsakar gida idonsa ya sauka a katangar bayi, wadda ta tsage tun farkon damina, iyalinsa na ta mita yana cewa gobe. Tsagar ta toshe. Ja.

"Larai, wa ya gyara nan?"

Matarsa ta leƙo daga madafa. "Sai yau ka gani? Da na gaji da gobenka na ba masu baro suka ɗebo min. Can bayan gidan 'Yardada, an riga an buɗe wurin, kowa ma ɗiba yake." Ta tsaya, ludayi a hannu. "Malam, ba dai..."

Ruwan butar ya ƙare a ƙasa bai wanke ko hannu ba.

*

Bayan azahar aka sallace ta, aka ɗauki makara zuwa maƙabarta. Marka ta yi wa wurin ɓarna, kaburbura da yawa sun rufta. Amma a gefen gabas an bi wasu an cike su, an daddaɓe. Ƙasar maƙabarta baƙa ce. Cikon ja ne.

Malam Inuwa da kansa ya haƙa kabarin, bai bar matasan da ke taya shi sun taɓa ba. Shi ya shiga ya karɓe ta, ya kwantar da ita a ƙaramin ramin ciki, ya juya fuskarta alƙibla. Sannan ya ɗaga hannu.

"Miƙo itace."

Aka fara miƙo masa daga tulin da ke gefe, yana jera su a bakin ƙaramin ramin ɗaya bayan ɗaya, don kada ƙasa ta taɓa mamaciya. Ɗanyen darbejiya. Kaurin damtse. Kowanne an sare shi daidai faɗin ramin.

Muttaka ya tsura wa itacen ido. Ya halarci jana'iza ba adadi, bai taɓa kallon itacen ba. Ya matsa cikin masu miƙawa, ya zaro na hammatarsa ya miƙa.

Malam Inuwa ya karɓa bai duba ba, ya ɗora. Itacen ya zauna daram tsakanin 'yan'uwansa. Sai yatsunsa suka taɓa tsakiyar itacen, inda ƙafar ƙarfe ta murƙushe ɓawon. Ya ɗago kai. Suka haɗa ido.

"Bari in gama, Muttaka," ya ce a hankali, yadda ba mai ji sai su biyu. "Don girman Allah bari in gama."

Muttaka ya ja baya. Aka liƙe da taɓo, aka tura ƙasa. Kabarin da ke jikin nata na dama yana cikin masu jan ciko.

*

Bayan la'asar zauren Mai unguwa ya cika har waje. Sabo na bakin ƙofa, Umair ya rakuɓe a lungu, Alhaji Mailafiya na gefe kansa a ƙasa. Aka fito da Nazeer aka zaunar. Samari sun tsaya a waje, jarkar fetur ɗinsu na nan ba su mayar ba.

Muttaka ya miƙe. "Wanda ya haƙa gindin ganuwa bai ƙware da motar ba, haƙoran sun shiga a karkace. Bai san akwai falankin ƙarfe a bayan kujera ba, sai ya tokare ta da itacen da ya saba da shi. Nazeer ya fita. Marigayiya ta kai wa mutumin koko ba sukari, na zaci Alhaji ne. Ashe ba shi kaɗai likita ya hana ba."

"Ya isa, Malam."

Malam Inuwa ne. Ya taso daga cikin dattawa, har yanzu da taɓon kabari a gwiwar wandonsa. Ya ciro mukulli daga aljihu ya ajiye gaban Mai unguwa.

"Ni ne."

Zauren ya ɗauka da salati. Wani daga waje ya ce ƙarya ne.

"Da ruwa ya rufta kaburbura na rasa ƙasar ciko. Alhaji ya kira ni gefe ya ba ni wannan, ya ce duk ranar da motar ba ta da aiki in ɗauka, gas nasa ne, sharaɗi kada kowa ya ji, ko ɗansa. Sadaka ce. Na ce ai wanda ya tuƙa tifa ba abin da zai gagare shi. Cikin waɗanda suka rufta har da na mijin 'Yardada. Ta aiko aka kira ni. Ta ce Inuwa, an ce Malam na kwance ruwa na shiga masa, ni ina nan a busasshen ɗaki. Ga ƙasa nan a bayana ta iyaye da kakanni, ɗebi ka rufa masa asiri, ka rufa wa maƙwabtansa. Na ce ganuwa ce fa. Ta ce ganuwar ta tsare masu rai shekaru aru-aru, ta ɗan tsare matattu mana. Na zaɓi ranar da maza ba sa nan don alkawarin Alhaji."

"Kana kallo aka kama ɗan mutane da safe!" in ji Mai unguwa.

"Ina kallo. Da na yi magana a lokacin, ba za a bar ni in taɓa ta ba. Na ce ni na rushe mata ɗaki, bari in gina mata na ƙarshe da hannuna, sannan in kawo kaina." Ya juya ga Nazeer. "Ban ce ka yafe ba. Ban isa ba."

Alhaji Mailafiya ya fashe da kuka kamar yaro. "Tun da na ga shatin nan na sani. Na tsaya ina auna ladana da mutuncin Malam, ɗana na shan duka."

Waje ya rikice. "A fito da shi! Tsohon banza, mai kisan kai!" Sabo ma ya samu baki, yana cewa dama shi ya san a rina.

Muttaka ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ban gama ba. Haƙoran mota kamu ɗaya suka shiga. Da a nan aka tsaya, da ganuwa tana tsaye, da gobe mun sha koko. Abin da ya wuce nan, har inda mutum zai shige ya ɓace, cebur ne da magirbi. Malam ya buɗe, mu muka rarake." Ya numfasa. "Ƙasar tana jikin katangar bayin gidana. Matata ta sa aka ɗebo, don ni na ƙi gyarawa. Na faɗi tawa. Sabo, me ke ƙarƙashin buhunka?"

Sabo ya kau da kai.

"Umair, dakalinka fa? Kai mai jarka, je ka dubi dokin ƙofar gidanku ka dawo ka faɗa min launinsa."

Ba wanda ya motsa. Ana jin ɗigar ruwa daga indararo. Wanda ke riƙe da jarkar ya ajiye ta a hankali ya tura ta bayan ƙafarsa.

Mai unguwa ya daɗe yana kallon mukullin. "Nazeer, tashi ka tafi gida, matarka na jira. Hukuma mutum ɗaya ta ce in kawo."

"Ga ni," in ji Malam Inuwa.

"Motata ce, mukullina ne," in ji Alhaji, ya miƙe.

"Sai a tafi da mai bin sawu ya yi bayanin cebur," in ji Muttaka. "Da nasa a ciki."

Umair ya fito daga lungunsa yana gyara hula, bai kalli kowa ba, ya tsaya a bayansu. Sabo ya yi kamar zai sulale, ya ga idanu, ya dawo.

Nazeer ya zo wucewa, mahaifinsa ya miƙo hannu. Ya tsaya, ya dubi hannun, ya durƙusa kaɗan kamar yadda ɗa ke yi, ya wuce bai kama ba.

*

Rana ta yi ja lokacin da suka fito. Hanyarsu ta bi ta gaban kangon. Kunama na nan inda aka bar ta da safe, bokitinta a ƙasa, cike da ƙasar ɗakin.

Wani mutum na tsugune a gindin ganuwar.

Ba ɗan unguwa ba ne, ba wanda ya san fuskarsa. Dogo, baƙi, da furfura a gefen kai, jakar baya a kafaɗa, takalminsa irin mai igiya har ƙauri. A gefensa ya ajiye leda, sabuwar atamfa ta leƙo daga ciki. Bai waiwayo ba. Ya shafa shatin haƙoran, ya sa hannu can ciki ya shafa bakin cebur, ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗebo ƙasar ya murza a yatsu. Sannan ya miƙe yana bin katangun lungun da kallo, faci bayan faci.

Muttaka ya bi shi da ido. Ya san wannan kallon. Irin nasa ne, na mai bin sawu.

Rukayya ta fito daga gidan makoki, ta tsaya cak, hannunta a baki. "Kawu?"

Mutumin bai waiwaye ta ba. Ya dubi ayarin dattawan, ya tsayar da ido a kan Mai unguwa, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"A tasha aka ce min mutum ɗaya ne ya kashe uwata." Ya buɗe tafinsa, jar ƙasar ta zube. "Cebur nawa ne a unguwar nan?"